An Sallami Ɗanka Daga Karatun Lokotoro? Ga Inda Zai Nufa

Ƴan uwa manoma da makiyaya, da yawa cikinmu sun saida tumaki ko buhun wake don su tura ɗa Yamai ya zama lokotoro. Karatu ne mai tsawo, shekara bakwai ko fiye. Jami'ar Yamai, wadda aka sa wa sunan Abdu Mumuni a 1992, ta fara shi tun 1974, yau kuma ana yin shi a Maraɗi da Damagaram. Amma ba duk wanda ya shiga ke fita da digiri ba. Yaro ya maimaita aji, ya sake faɗuwa, sai a sallame shi. Wani don kunya ya ƙi dawowa gida, ya zauna birni yana karɓar kuɗin uwaye, su ko ba su san an kore shi ba.

To, a sani: korar ba ta ci BAK ɗinsa ba. Takardar tana nan, da ita zai nemi wani karatun. Kafin ya bar jami'a, ya je ofishi ya karɓi takardar sakamakon jarrabawarsa ta kowace shekara, ya kuma tambaya ko za a maida shi wani sashe, kamar kimiyya ko aikin gona. A yi haka da wuri, kada lokacin rajista ya wuce.

In zuciyarsa tana ga aikin asibiti, akwai lakwal ɗin lafiya ta gwamnati, ENSP, a Yamai da Damagaram. Can ake koyar da anfirme da ungozoma da masu awon jini, cikin kamar shekara uku. Abin da ya karanta kan jikin ɗan Adam zai taimake shi. Wasu uwaye na ganin wannan koma baya ne. Mu duba da kyau: a ƙauyukanmu wa ke karɓar haihuwa da dare, wa ke duba yaro mai masassara? Majo ne da ungozoma. ENSP ta Yamai ma sunan Damure Zika gare ta, wanda ya rasu a 2009, shi kuwa anfirme ne, ba lokotoro ba. Akwai lakwal masu zaman kansu, amma a tabbatar gwamnati ta yarda da takardarsu kafin a biya ko dala. Mai son bisashe da gona kuma ya nemi IPDR ta Kollo.

Hanya guda ce muke ja wa kunne. Kada yaro ya dawo gari da farar riga, ya buɗe ɗaki yana yi wa mutane allura, yana saida ƙwayoyi bisa tire. Shekara biyu a jami'a ba ta ba shi wannan izini ba, doka ta hana. Allura guda da aka yi ba daidai ba a ɗuwawu tana iya gurgunta ƙafar yaro har abada, kuma ɗiyan maƙwabta ne za a kawo masa.