Mai Gadin da Ke Cikin Ƙwan Lantarki

Yau za mu buɗe cikin ƙwan lantarki na LED, musamman irin wanda ake iya rage wa haske, mu ga abin da ke hana shi ƙonewa.

Wutar da ke shigo mana gida a Najeriya volt 230 ce, tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa guda. Ita kuwa 'yar ƙwayar da ke ba da farin haske, kimanin volt 3 kawai take buƙata, kuma ba ta san ta ƙoshi ba. Aka ɗan ƙara mata ƙarfi kaɗan, sai ta zuƙi wuta ninkin-ba-ninkin. Ta yi zafi, zafin ya sa ta ƙara zuƙa, har ta mutu. Shi ya sa ake ajiye mata mai gadi, wato ƙaramar na'urar nan baƙa da masu gyaran rediyo ke kira IC.

To, ku saurara da kyau, don nan ne hikimar take. Da farko dayod huɗu ke miƙar da wutar ta koma bin hanya ɗaya. Daga nan IC ɗin ya kama aiki irin na mai ban ruwa a fadama: ya buɗe bakin kwami, ruwa ya kai iyakar da ake so, ya toshe. Makunninsa transista ne, yana kunna shi yana kashewa sau dubbai goma-goma a daƙiƙa. In ya kunna, wuta ta bi ta cikin koyil tana hauhawa a hankali, ta ratsa wata 'yar resista. Ƙarfin da ya bayyana a kan resistar nan shi IC ke sa wa ido. A ce an gina shi ya yanke a volt 0.4, resistar kuma om 2 ce; da wuta ta kai amfiya 0.2 sai ya kashe. Koyil ɗin ya ci gaba da sakin abin da ya tara, haske bai yanke ba, sannan a sake zagayowa. Wannan ne dalilin da ya sa ƙwai mai kyau ba ya dushewa ko da wutar gida ta zo ba ƙarfi.

Rage haske shi ne mai wuya. Na'urar rage haske ta bango, irin wadda Joel Spira ya ƙirƙira a Amurka a 1959 kafin ya kafa kamfanin Lutron, don tsohon ƙwai mai zare aka yi ta. Tana datse wani yanki na kowane zagayen wuta da wani makunni mai suna TRIAC. Matsalar ita ce, IC mai kiyaye aikinsa zai ɗauka wuta ce ta yi ƙasa, ya yi ƙoƙarin cike giɓin. Don haka aka ƙera wasu IC irin su LM3445, waɗanda ke auna yawan abin da aka datse, su fahimci umarni ne daga maigida, su sauko da iyakar da suke yankewa.

Akwai kuma wani abu. TRIAC ba ya zama a kunne sai wuta gwargwado na ratsa shi, LED kuwa cinta kaɗan ne. Sai ya riƙa mutuwa yana farfaɗowa, ƙwai na ƙyafta ido. Maganinsa, IC ya buɗe wata 'yar hanya da ke jan ƙarin wuta da gangan don TRIAC ya tsaya. Asara ce, amma ƙarama.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda ake ɗora wa ƙwai laifi alhali haɗin ne bai dace ba. Don Allah, kafin ku haɗa ƙwai da na'urar rage haske, ku duba kwalinsa ko an rubuta yana karɓar hakan. Kada kuma ku kulle shi cikin rufaffen gilashi a zafin watan Afrilu: kondensar da ke ciki, duk ƙarin zafi na digiri 10 yana cinye kusan rabin kwananta.