Daga Bokitin Sabulu zuwa Kwalbar Maye: Ina Samarinmu Suka Dosa?

Duk wanda ya ratsa lungunan Nima da Maamobi da hantsi, da wuya ya rasa ganin wata baiwar Allah ko wani saurayi a tsugune gaban bokiti, yana juya sabulun ruwa da muciya. Wasu parazon suke haɗawa, wasu turare, wasu man shafawa. Yawancin kayan haɗin daga cikin gari ake sayo su, wajen Kasuwar Makola, wadda aka kafa tun 1924, da layukan da ke kewaye da ita.

Wannan sana'a ba baƙuwa ba ce. Kakanninmu mata sun daɗe suna tace toka su dafa da mai su fitar da sabulu, haka ma masu alata samina suke yi da tokar ɓawon koko. Abin da ya sake shi ne yanzu kostik soda da asid suna samuwa a kanti, malamin kuwa wayar hannu ce. A shekarar 2020, lokacin annobar korona, da yawa sun koyi haɗa ruwan tsabtace hannu, wasu har suka samu jari.

To, amma jama'a, hannun da ya saba awo da gauraya, idan bai samu jagora ba, yana iya gauraya abin da zai halaka shi. A wajejen 2017 da 2018 ƙwayar tramadol ta mamaye Gana. Hukuma ta yarda da mai ƙarfin miligiram 50 da 100 ne kawai, bisa takardar likita, amma aka riƙa kama mai 120 da 225 har da 250. Samari sukan narka ta cikin lemon ƙara kuzari, wasu su zuba maganin tari mai kodin cikin lemon kwalba, kowa yana taƙama da nasa haɗin. A 2018 gwamnati ta hana maganin tari mai kodin, ta kuma tsaurara dokar tramadol.

Ba a daɗe ba wata ta maye gurbinta, wadda samari ke kira Red. A watan Fabrairun 2025 binciken BBC ya nuna wani kamfani a Mumbai ta Indiya yana haɗa tapentadol da carisoprodol yana turowa Afirka ta Yamma, har da Tamale. Haɗin yana iya tsayar da numfashi. Ke nan wanda ya ƙara gauraya ta da wani abu a ɗakinsa, guba yake ɗorawa kan guba.

Maƙwabta sun ga inda hanyar take ƙarewa. A 2011 aka fara gano ɗakin dafa ƙwayar met a Ikko, a 2016 kuma aka kama wani babba a Asaba tare da mutanen Meksiko huɗu. Shi ya sa yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1988 ta sa ido kan wasu sinadaran da masu sana'ar halal ma ke amfani da su. A nan gida, Dokar 1019 ta 2020 ta ba hukumar NACOC ikon bin sawun irin waɗannan kaya. Yaron da aka aika ya sayo wa wani sinadari bai san amfaninsa ba, yana iya kwana a hannun hukuma.

Shin sai a fasa bokitin yaro? A'a. Mai sha'awar haɗe-haɗe baiwa gare shi. A tambaye shi me yake haɗawa, wa ya koya masa, wa zai saya. A koya masa sa safar hannu, da zuba soda cikin ruwa ba ruwa cikin soda ba, da cewa parazon da asid ba sa haɗuwa, domin hayaƙinsu na iya kisa. Mai son sayarwa ya nemi rajistar hukumar FDA. Mai ƙoƙarin karatu a tura shi fannin kimiyya, ƙofofin Legon da KNUST ba a rufe suke ga ɗan Zango ba.

Iyaye da malamai da sarakunanmu, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya shirya mana zuri'a, amin.