Gari Ɗaya Tak: Yadda Ake Soma Wasan Civilization V Ba Tare Da Faɗaɗa Ƙasa Ba

Daga cikin wasannin kwamfuta da suka daɗe ana yi a duniya, kaɗan ne suka kai Civilization cin lokacin mai yin su. Wani Ba'amurke ɗan asalin Kanada mai suna Sid Meier ne ya fito da shi a shekarar 1991, kuma zuwa 2025 an kai ga fitowa ta bakwai, wadda a cikinta aka saka Sarauniya Amina ta Zazzau a jerin shugabannin da mutum zai iya zaɓa. Wasa ne na bi da bi kamar dara, ka yi naka sannan kwamfuta ta yi nata. Ana ba ka ayari ɗaya na masu kafa gari da mayaƙi ɗaya a shekara ta 4000 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ka rene su har su zama daula.

A yau za mu tsaya ne a kan fitowa ta biyar, wadda kamfanin Firaxis ya fitar a 2010, tare da ƙarin da aka yi mata a 2013 mai suna Brave New World. A cikinta akwai wani sharaɗi da mutum ke ɗora wa kansa tun kafin a soma, ana ce da shi One City Challenge, wato ka yarda ba za ka mallaki gari fiye da ɗaya ba har wasa ya ƙare. Ko garin abokin gaba ka ci da yaƙi, nan take zai rushe. Su kuwa sauran sarakunan da kwamfuta ke juyawa, babu abin da ya hana su cika ƙasa da garuruwa. Wasan yakan kai zagaye 500, amma a namu ganin, zagaye 100 na farko ne ke nuna ko mutum zai kai labari, domin Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Yawan jama'a shi ne jari

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe kafin komai shi ne, a wannan wasa kowane mutum ɗaya da ke cikin garinka yana ba ka makin ilmi ɗaya a kowane zagaye. Ɗakin karatu yana ƙara maki ɗaya a kan kowane mutum biyu, sauran manyan makarantu kuma suna ninka abin da aka samu ne. Mai garuruwa takwas zai tara mutanensa nan da can. Kai da ke da gari ɗaya, dole duk su fito daga wuri guda, kuma kowane mutum yana cin abinci biyu a zagaye. Rarar da ta saura ita ke kawo ƙarin mutum. Saboda haka duk abin da za ka gina, ka fara tambayar kanka: wannan zai ƙara wa garin abinci, ko kuwa ado ne kawai?

Akwai ɗan sauƙin da sharaɗin ke kawowa. A taswira matsakaiciya, kowane ƙarin gari yana tsadar da binciken ilmi da kashi 5 cikin 100, yana kuma tsadar da dokokin mulki da kashi 10. Mai gari ɗaya ya tsira daga wannan haraji. Sai dai sauƙin ba ya amfanar wanda garinsa ya tsaya cak ba ya girma.

Inda za a kafa garin

Kuskuren da ba ya gyaruwa shi ne na mazauni. An raba ƙasar wasan zuwa gurabe masu kusurwa shida, kuma gari yana iya noma gurabe 36 ne kawai da ke kewaye da shi, wato zobe uku. Waɗannan su ne gonarka har ƙarshen wasa. Don haka ba asara ba ce ka ɓata zagaye ɗaya ko biyu ka matsa zuwa wuri mafi kyau.

Abu uku muke dubawa. Na farko kogi, domin gonakin bakin kogi suna samun ƙarin abinci ɗaya da zarar an gano ilmin aikin gwamnati, kuma garin bakin kogi ne kaɗai ke iya gina injin niƙa na ruwa, mai ba da abinci biyu. Na biyu babban dutse, wanda idan yana manne da garin za a iya gina ɗakin duban taurari daga baya, shi kuma yana ƙara ilmi da kashi 50 cikin 100. Na uku tudu, saboda garin da ke kan tudu ya fi wuyar ci da yaƙi, kuma yana da ɗan ƙarin ƙarfin aiki. Ba kullum ake samun ukun tare ba. In sai an zaɓa, mu dai kogi muke sa wa gaba, sai dutse. Alkama, ayaba da barewa a kusa ƙarin alheri ne, don rumbu yana ƙara abinci ɗaya a kan kowannensu.

Abin da za a fara ginawa

Tun da ba za ka kashe ƙarfinka wajen tura masu kafa sababbin garuruwa ba, jerin aikin farko gajere ne. Mu kan fara da ɗan leƙen hanya, wani lokaci biyu, su bazama neman kangayen mutanen da, inda ake tsintar zinariya, ko ilmi kyauta, ko ƙarin mutum. Har ila yau, wanda ya riga kowa isa ɗaya daga cikin ƙananan garuruwa masu cin gashin kansu yana samun kyautar zinariya 30, wanda ya zo daga baya kuwa 15. Bayan haka sai hasumiyar tunawa don al'adu, sai lebura mai gyaran gonaki, sai rumbu.

A ɓangaren bincike, hanyar ita ce ginin tukwane, sai rubutu, sai kalanda, sai falsafa, tare da ratsewa a koyi haƙar ma'adinai ko kiwo gwargwadon abin da ke ƙasarka. Dalilin wannan gaggawa shi ne Kwalejin Ƙasa. Sharaɗin gina ta shi ne a samu ɗakin karatu a duk garuruwan mutum, abin da ke ɓata wa masu garuruwa da yawa lokaci. Kai ɗaki ɗaya ya ishe ka. Tana ba da maki uku, sannan ta ƙara kashi 50 cikin 100 a kan ilmin garin. A nan ne mai gari ɗaya ke shan gaban manyan dauloli, kuma duk zagayen da aka jinkirta ta asara ce.

Game da dokokin mulki kuwa, babu dogon tunani. Reshen Gargajiya, wanda wasan ke kira Tradition, kamar don wannan sharaɗi aka yi shi. Yana ba babban birni makin al'adu uku tun daga buɗe shi, wata doka a cikinsa ta ƙara abinci biyu, wata ta rage ɓacin ran jama'a da ɗaya a kan kowane mutum biyu. Idan aka kammala shi duka, ana samun magudanar ruwa kyauta da ƙarin saurin girma.

Tarkon manyan gine-gine

Nan ne mutane da yawa ke faɗawa rami. Wasan yana da gine-ginen al'ajabi waɗanda mutum ɗaya ne kawai ke samun kowannensu a duk duniya. Wanda ya fi jan ido da wuri shi ne Babban Ɗakin Karatu na Iskandariyya, mai ba da ilmi guda kyauta. Kuɗinsa ƙarfin aiki 185 ne, alhali ɗakin karatu na yau da kullum 75 ne. Idan wani sarki ya riga ka gamawa ko da zagaye ɗaya ne, abin da za a maido maka ƴar zinariya ce, lokacinka kuwa ya tafi.

Wasan yana da matakan wuya takwas. Daga na huɗu zuwa ƙasa, ana iya neman wannan gini a samu. Daga na shida zuwa sama kwamfuta na soma wasa da fifiko mai yawa, neman sa caca ne, kuma ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. In za a yi kasadar, gara a yi ta a kan abin da ke ƙara abinci, kamar Lambunan Babila masu ba da abinci shida, waɗanda sai mai bin reshen Gargajiya ke iya ginawa. Wanda garinsa ke bakin hamada kuma ya sa ido a kan Petra, domin tana ƙara abinci da ƙarfin aiki a gurabun rairayi.

Tsaro da zaman lafiya da maƙwabta

Gari ɗaya idan ya faɗi, wasa ya ƙare. Maharba biyu ko uku tun da wuri sun isa su kori ƴan harin daji masu sace lebura da ƙona gonaki, kuma suna rage kwaɗayin maƙwabci. Idan aka ga rundunarsa na taruwa a kan iyaka, a gina ganuwa kafin ta iso, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Kayan alatu kamar gishiri, auduga da zinariya, kowane iri yana ba da jin daɗi huɗu. Idan jin daɗin jama'a ya faɗi ƙasa da sifili, girman gari yana raguwa da kashi 75 cikin 100. Wanda ke da biyu iri ɗaya ya sayar da ɗaya a kan zinariya bakwai a kowane zagaye, ko ya yi musanye da irin da ba shi da shi. Kuɗin kuma a kai su ga ƙananan garuruwan da ke aiko wa aminansu abinci. Wannan ya zama dole, domin mai gari ɗaya ba shi da wani garin nasa da zai turo masa ayarin abinci. Su ne kuma za su ba ka ƙarfe ko alminiyam idan ƙasarka ba ta da su, kuma sai da alminiyam ake haɗa sassa shida na kumbon da ke kawo nasarar ilmi.

Wa za a zaɓa?

Babila ta Nebukadnezzar na biyu tana samun babban masani kyauta da zarar an gano rubutu. A zaunar da shi a gurbi ɗaya ya kafa makarantar bincike mai ba da maki takwas, a lokacin da duk garin bai kai haka ba. Koriya ta Sarki Sejong ita ma ta dace. Mutanen yankinmu da dama hankalinsu kan tafi ga Songhai ta Askiya, mai babban birni a Gao, wadda ke samun zinariya ninki uku idan ta tarwatsa sansanin ƴan hari. Ƙarfinta na yaƙi ne, amma wannan zinariya tana iya sayen lebura da wuri, abin da ke gaggauta noma.

Daga ƙarshe, ga ma'aunin da muke ba mai son gwadawa. Idan aka kai zagaye na 100, ka duba abu uku: Kwalejin Ƙasa ta tsaya, jin daɗin jama'a bai faɗi ƙasa da sifili ba, kuma garin yana ci gaba da ƙara mutane. Wanda ya samu ukun yana kan hanya, sai ya nufi jami'a. Wanda ya rasa biyu daga ciki, gara ya sake sabon wasa tun dare bai yi masa ba.