SABABBIN WASANNIN TALABIJIN NA KAKA: ABIN DA IDO YA FARA GANI

Kaka ta yi a ƙasar Kabi da Gwandu. Ruwa ya ɗauke, an shigo da gero, shinkafar damina ta nuna a fadamun Rima tun daga Argungu har Birnin Kabi, makarantu kuma sun koma tun watan Satumba. Tun kaka da kakanni wannan shi ne lokacin wasanni, domin sai ciki ya cika a kan kira makaɗa, a yi dambe da kokawa, yara su taru a gindin tsohuwa su sha tatsuniya. To, ga shi yanzu akwatin talabijin ya sami wuri cikin wannan al'ada, don kuwa a daidai wannan lokaci ne tashoshi da yawa su kan fito da sababbin wasanni, ko su buɗe sabon zango na waɗanda aka saba da su.

Wannan ba a ƙasarmu ya faro ba. A Amurka manyan tashoshi su kan fito da sababbin shirye-shiryensu cikin Satumba, sa'ad da mutane suka dawo daga hutu, kamfanonin motoci kuma su na neman inda za su yi tallar motocin sabuwar shekara. Can ba a yi wa wasa haƙuri. Idan masu ƙidayar 'yan kallo suka ga bai karɓu ba, a kan tsai da shi bayan 'yan makonni, har an taɓa tsai da wani mai suna Turn-On cikin 1969 bayan fitowarsa ta farko. A nan kuwa a kan raba shekarar watsa shirye-shirye kashi huɗu, ko wane kashi mako 13, na ƙarshe ya kan fara cikin Oktoba, watau ya faɗo daidai da kakarmu.

Ya kamata mu tuna inda aka fito. Kafin talabijin, motar majigi ce ke zagaya garuruwa, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada a nuna wa jama'a irin su Baban Larai, don a koya musu noman zamani. An buɗe gidan talabijin na farko a Nijeriya a Ibadan ran 31 ga Oktoba, 1959, na Kaduna kuma cikin 1962, zamanin Firimiya Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato. Cikin 1977 Gwamnatin Tarayya ta haɗa tashoshin ƙasa duka ƙarƙashin hukumar NTA. A waɗannan shekaru ne jama'a suka san Samanja na Usman Baba Pategi, da wasannin Ƙasimu Yero, da Idon Matambayi na Sakkwato. Akwati ɗaya ne a unguwa, yara su cika tsakar gidan mai shi tun magariba. Yau kuwa, je ka Badariya ko Makerar Gandu da dare, za ka tarar mai shayi ya kafa nasa, saurayi kuma na riƙe da nasa a tafin hannu cikin wayar salula.

Hausawa su na da karin magana biyu da su ke kamar su na jayayya a kan ganin farko. Ɗaya ta ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba a kan gane ta. Ɗaya kuwa ta ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Mu da mu ke aikin horad da malamai mun san duka biyun gaskiya ne. In mun je duba ɗalibi a wurin gwajin koyarwa, darasinsa na farko ya kan nuna mana ko ya yi shiri, ko ya san abin da ya ke so ya faɗa, ko ya na girmama yaran da ke gabansa. Amma ba mu kan ba shi maki na ƙarshe ba sai mun koma sau biyu ko uku, domin mai rawar murya ran farko ya kan zama gwani, mai yawan kuri kuma ya kan ƙare da wuri. Haka ya kamata a yi wa sabon wasa.

Shekarun baya sun ba mu misali. Tashar Arewa24 ta fara aiki cikin 2014, ba da daɗewa ba ta fito da Daɗin Kowa. Wanda ya kalle shi da farko bai ga gidan bene ko babbar mota ba, sai wani gari na talakawa, da almajirai da malaminsu, da rigimar Kamaye da Adama, da Musulmi da Kirista a unguwa ɗaya. Wannan tufafin talaka da ya sanya shi ne ƙarfinsa, har ya ci kyauta a gasar finafinan Afirka ta AMVCA cikin 2016. Kwana Casa'in, wanda ya fito cikin 2019, tun makon farko ya nuna inda ya dosa, watau siyasar wata jiha ta ƙage mai suna Alfawa, da gwamnanta Bawa Maikada, da yadda asibiti da makaranta su ke lalacewa in an ci amana. Duk akawun da ya taɓa riƙe fayil ya gane mutanen da ke ciki. Gidan Badamasi ya zo da dariya, amma a ƙarƙashin dariyar akwai maganar uban da ya tara 'ya'ya bai yi musu tarbiyya ba. Labarina na Aminu Saira ya biyo baya cikin 2020 da hoto mai tsabta da labari mai jan rai, ya sa masu shirya finafinan Kano da yawa suka koma yin wasa mai dogon zango.

To, me ido ke fara gani a irin waɗanda su ke fitowa a 'yan shekarun nan? Abin yabo na farko shi ne aikin hannu ya gyaru ƙwarai. Hoto ya fito sarai, magana ta na jiyuwa, 'yan wasa sun rage kallon na'ura. Amma akwai abu biyu da su ke damunmu. Na farko, da yawa sun yi kama da juna kamar 'ya'yan ƙwai ɗaya: attajiri da babban falo, saurayi tsakanin 'yan mata biyu, dangi na rigimar gado. Wani ma a kan ja labarin da ya isa mako huɗu har ya kai zango uku, a cika tsakaninsa da talla. Na biyu kuwa, wanda ya fi zafi, mun duba ba mu ga kanmu ba. Da wuya ka ga manomin shinkafa cikin fadama, ko Bakabe da gorarsa da komarsa a bakin Matan Fada. In an ji Sakkwatanci ko Hausar Kabi a bakin ɗan wasa, galibi an ba shi ne don a yi dariya. Yaron da ya tashi ya na ganin haka kullum dare, wata rana zai ji kunyar maganar uwarsa.

Wannan kuwa ba don ƙasar nan ta rasa labari ba ne. Ga Muhammadu Kanta, wanda ya fid da Kabi daga hannun Songhai a farkon ƙarni na 16, ya gina Surame da ganuwarta ta dutse. Ga Malam Abdullahi ɗan Fodiyo da littattafansa a Gwandu. Ga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo Argungu cikin 1934, wadda ta rufe tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi, ta haifad da bikin kamun kifi, bikin da hukumar UNESCO ta sanya cikin al'adun duniya abin kiyayewa cikin 2016. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ya isa zango goma. Kayan tarihin ma su na nan ajiye a Gidan Tarihi na Kanta, su na jiran mai alƙalami.

Saboda haka ga shawararmu ga malaman makaranta da akawunan ofisoshi, domin ku ne a kan tambaya a majalisar dare ko wasa kaza ya yi kyau. Kada ku yanke hukunci sai kun ga fitowa uku. In kun gani, ku tambayi kanku ko mutanen cikin wasan su na magana kamar yadda mutane su ke yi, ko abin da ya same su ya biyo bayan abin da suka shuka, kuma ko uba zai iya zama ya kalla tare da 'yarsa ba tare da ya sunkuyad da kai ba. Wanda ya ci wannan jarrabawa ku yabe shi a fili, wanda ya fāɗi ku rubuta wa tashar cikin ladabi ku gaya mata dalili.

Game da yara kuwa, hani kaɗai ba ya magani. Jarrabawar zangon farko ta na zuwa cikin Disamba, daidai lokacin da wasannin suka ɗauki zafi, karatun dare na allo da na boko duk su kan sha wuya. Gara uba ya zaɓa wa gidansa wasa ɗaya ko biyu a mako, ya sa musu lokaci. Malamin Hausa kuma ya iya sa 'yan ajinsa su rubuta taƙaitaccen labarin abin da suka kalla, su faɗi wanda ya yi daidai da wanda ya yi kuskure, ta haka kallo ya zama darasin insha'i. Ɗaliban Kwalejin Ilmi ta Adamu Augie da ke Argungu, da na sauran manyan makarantun jiha, su ma lalle su gwada rubuta wasa a kan masunta da manoman garuruwansu, su kai wa tashoshin Birnin Kabi. In ba mu rubuta labarinmu ba, ba wanda zai taso daga wani gari ya rubuta mana.

Allah ya ba mu kaka mai albarka, ya shirya mana zuriya, amin.