Mai Bel, Mai Faifai ko Na Masu Walda: Injin Samfefa a Shagon Kafintan Daura

Da kaka ta yi, amfanin gona ya shiga rumbu, sai aiki ya yi wa kafintocin Daura rubdugu. Lokacin bukukuwa ke nan. Uban yarinya zai taso daga Zango ko Sandamu ko Mai'aduwa ya ba da kafin alƙalami na gado da sif da madubi, a tsai da rana, kuma ranar ba ta ɗaguwa tunda 'yan jere sun riga sun ji. A cikin wannan gaggawa akwai aiki guda da ya fi kowanne cin lokaci, wanda mai saye ba ya lura da shi sai in an ɓata shi: gugar katako da samfefa kafin a shafa folish.

Folish ba ya rufa wa kowa asiri. Fenti mai kauri ya kan ɓoye ɗan karce, amma folish mai launi taruwa yake yi a cikin karcen ya yi duhu, sai ka ga allon gadon da ya yi sumul jiya ya wayi gari da zane-zane. Shi ya sa zaɓen injin guga ba ƙaramar magana ba ce a shago, ko da yake sau da yawa abin da mai saye ke dubawa a jikin kwali lamba ɗaya ce tak, wato yawan wat.

Da can aikin hannu ne. Masassaƙa masu turmi da akushi da gizago da wuƙa suke gama nasu, a wasu sassan Afirka ta Yamma kuma har da ganyen wani irin ɓaure mai kaushi ake goge itace. A shagon kafinta, yaro ne zai naɗe samfefa a guntun katako ya wuni yana kai da komowa. Injin hannu ya shigo sana'ar a 1926, lokacin da kamfanin Porter-Cable na Amurka ya fito da na farko mai bel da mutum zai iya ɗauka a hannu ya kai wurin aiki, maimakon a ɗauki aikin a kai wurin inji. Yau iri huɗu ne ke takara a hannun kafinta, kuma wanda ya fi yawa a cikinsu ba don katako aka ƙera shi ba.

Wannan shi ne injin da masu walda ke yanka ƙarfe da shi. A cire faifan yanka, a ɗaura na roba da samfefa, shi ke nan ya zama na guga. Dalilin farin jininsa a bayyane yake: yana da araha, ana samun kayan gyaransa a ko'ina, kuma inji ɗaya zai yanka ƙusa da safe ya goge ƙofa da rana. Matsalarsa gudu. Ƙarami daga cikinsu, mai faifan milimita 115, yana juyawa kusan sau 11,000 a minti, wato bakin faifan na shafe sama da mita 60 a daƙiƙa guda. A irin wannan gudu samfefa ba ta tsaya gugar katako ba, haƙa take yi. Hannu ya ɗan karkace, rami ya fito. Ya ɗan tsaya wuri ɗaya, katakon ya yi baƙin ƙuna. Tunda kuma faifan kewaya yake yi, dole ya ratsa jijiyar katako, ya bar zane mai siffar jinjirin wata a jere a jere. A ƙafar kujera mai lanƙwasa, ko wajen kankare tsohon fenti, ko gyara bakin katakon rufi da ba wanda zai shafa, babu kamarsa. A kan teburi ko ƙofar falo kuwa, awar da ya rage wa kafinta sai ya biya ta da awa biyu wajen goge tabon da ya bari.

Mai bel shi ne ingarman cikinsu. Samfefar tasa zobe ce da ke zagaye gargare biyu, tana wucewa ƙarƙashin wani faranti na ƙarfe mai faɗi, shi ya sa yake shimfiɗe katako ya daidaita tudu da kwari. Makita 9403, wanda ya daɗe ana auna sauran da shi, yana jan wat 1,200, bel ɗinsa milimita 100 ne a faɗi da 610 a kewaye, yana gudun mita 500 a minti, nauyinsa kuma ya kusa kilo 6. Gudun nan bai kai kashi ɗaya cikin bakwai na bakin faifan injin masu walda ba, amma ya fi shi cin aiki a kan fili, saboda samfefa mai faɗin tafin hannu ce ke kan katakon a lokaci guda, kuma miƙe take tafiya. In an bi jijiya, karcen da ya bari ɓacewa yake yi a cikinta.

Nauyin nasa ma alheri ne ga wanda ya gane. Ba a danna mai bel. Ɗora shi ake yi ana tafiya da shi, nauyinsa ya isa. Sabon yaro da ya ga maigidansa na kallo sai ya kifa ƙirji a kan injin don a ga yana aiki, bel ya yi zafi, ƙura ta toshe shi, mota ta fara nishi. Gogaggen kafinta fensir yake ɗauka ya yi ta zane a kan allon kamar wasan yara, sannan ya bi da inji. Inda fensirin ya goge, wurin ya daidaita. Inda ya rage, kwari ne, a ƙara zagaye. Da ya gama sai ya kwantar da tocila a gefen allon, hasken ya bi fuskar katakon a kwance, duk wani karce ya fito da inuwarsa.

Wannan inji na da hali guda da ya kamata a yi wa yaran shago kashedi a kai tun ranar farko. Yana da maɓallin da ke riƙe kunamar a danne don kada yatsa ya gaji. Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, aka ajiye shi a kan benci ba a saki maɓallin ba, da wuta ta dawo zai tashi da kansa ya ruga da gudun da ya kai kilomita 30 a awa, ya faɗo ƙasa ko ya sami wanda ke tsaye a ƙarshen bencin.

Na uku, mai karkarwa, ba shi da dogon labari. Farantinsa mai kusurwa huɗu ne, yana ɗan kewaya na milimita biyu ko ƙasa da haka sau dubbai a minti. Kamfanin Festo na Jamus ya fito da irinsa a 1951. Wat 200 ko kusa da haka yake ci, ba ya cin katako da yawa, amma yana shiga kusurwar sif, kuma da samfefar da ake sayarwa falle-falle a kowane shagon kayan gini yake aiki: a yanka, a maƙale. Na gamawa ne, ba na farawa ba.

Na huɗu shi ne mai faifan da ke juyi biyu a tare. Faifan na juyawa a kan kansa, yana kuma karkarwa a gefen tsakiya, don haka ƙwayar samfefa ba ta bin hanya ɗaya sau biyu, karce bai samun damar yin layi. Mai faifan milimita 125, irin su Makita BO5031, wat 300 yake ci, nauyinsa bai kai kilo ɗaya da rabi ba. Akwai manyansu masu milimita 150 da wat 750, kamar Makita BO6050 da Bosch GET 75-150, masu giya biyu: ɗaya ta ci katako kusan kamar mai bel, ɗaya ta gama aiki sumul. Su ne suka fi kusa da inji ɗaya mai aikin biyu, sai dai kuɗinsu zai sayi ƙananan injuna da yawa. Shi ma yana da nasa tabon. In an yi sauri da shi, ko an danna, ko ƙura ta maƙale ƙarƙashin faifan, ya kan bar 'yan ƙananan zobba da ido ba ya kamawa sai folish ya hau.

A takarda, mai wat 1,200 ya fi mai 300. A Daura ba takarda ke kunna inji ba. Garin na cikin yankin KEDCO, kamfanin da ke rarraba wuta a Kano da Katsina da Jigawa, kuma shagon da ya karɓi aikin biki ba zai jira wuta ba, janareta zai tayar. Ƙaramin janareta Tiger ɗin nan da ke ƙofar shaguna bai wuce wat 650 zuwa 800 ba. Zai ja mai faifai ko mai karkarwa cikin sauƙi, amma ba zai ja babban mai bel ba, balle ma motar inji ta fi jan wuta a daidai lokacin da take tashi. Wuta mara ƙarfi kuwa ta fi rashin wuta ɓarna: injin na juyawa a sanyaye, fankar da ke sanyaya shi ta rage gudu, yaro ya ƙara dannawa, amecha ta ƙone. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma ci gaba da hawa, kowane inji sai an yi masa lissafin man da zai sha. Mai wat 300 har madaidaiciyar sola za ta riƙe shi da rana.

Sai katakon kansa. Yawancin wanda ake aiki da shi daga kudu yake zuwa, ya sauka a kasuwannin 'yan katako na Kano irin su Na'ibawa, ya biyo hanyar Kazaure. Ya kan iso da sauran danshi, kuma ɗanyen katako cuɗe samfefa yake yi, ƙurarsa ta dunƙule ta toshe ƙwayoyin. In an goge shi haka, hunturu ya busar da shi, sai ya motsa ya tsage a mahaɗa. Obece laushi gare shi, mai bel zai cinye shi kafin a ankara. Iroko ya kan ɓoye dunƙulen farar ƙasa mai tauri a cikinsa da ke dakusar da kayan aiki. Maɗaci kuwa jijiyarsa a sarƙe take, wani layi ya nufi gabas wani ya nufi yamma, injin fere katako ya kan yage shi, a nan ne mai bel ke nuna amfaninsa.

Amma kayan ɗakin amarya na yau yawancinsu ba zallar katako ba ne. Filawud ne da allunan MDF. Fatar da ke saman filawud sau da yawa rabin milimita ce ko ƙasa da haka. Mai bel zai huda ta cikin daƙiƙa kaɗan, kuma ba ta gyaruwa. Allon da ya zo da rufinsa daga masana'anta ba ya son guga sam, sai a bakinsa. Saboda haka shagon da ke yin ƙofofi da bencin makaranta da teburan ofis na zallar katako, irin aikin da gine-gine kamar na Kwalejin Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Daura a 2019 ke buƙata, shi mai bel ya dace da shi, da janareta mai ƙarfin ɗaukarsa. Mai yin gado da sif, in inji ɗaya kuɗinsa zai saya, mai faifai ya fi masa.

Kowanne aka saya, samfefa ce ke yin aikin. Lambar da ke bayanta girman ƙwaya take nunawa: P40 ta kai kusan milimita 0.4, P80 rabin haka, P120 kimanin 0.125, P220 ba ta kai 0.07 ba. Kowace lamba karcen ta gabanta take gogewa, don haka wanda ya yi tsalle daga 40 zuwa 180 ya bar ramuka a ƙarƙashin sulɓi. A nan masu bel da masu faifai ke da rauni, domin samfefarsu ta musamman ce, sai an sami daidai awonta. Bel ɗin da ya daɗe cikin zafin shago mai rufin kwano kuma, gam ɗin mahaɗarsa ya kan saki ya tsinke ana fara aiki.

Akwai abin da ba a rubuta shi da manyan baƙi a kwali, shi ne ƙura. A shekarun 1960 likitoci a Ingila suka lura cewa wata irin sankarar hanci, wadda ba kasafai ake ganinta ba, ta yi yawa a tsakanin masu yin kujeru a garin High Wycombe. A 1995 hukumar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙurar katako cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa mutum cutar. Ƙurar iroko da ta obece na tayar da asma, ta katakon mansoniya na sa haɓo da ƙaiƙayin fata, ta MDF kuma gari ce lilis haɗe da gam ɗin da aka manne allon da shi. A Birtaniya doka ta hana ƙurar katako mai tauri ta wuce miligiram 3 a kowace mita ɗaya ta iska mai faɗi da tsawo da zurfi. Ta wannan fuska injin masu walda shi ne na ƙarshe, don ba shi da jaka, watsa ƙura yake yi a fuskar mai aiki da ta mai shayin da ke maƙwabtaka. Mai faifai na zuƙe ta ta hudojin da ke jikin samfefarsa, muddin hudojin sun dace da na faifan kuma ana zazzage jakar. Hanki da aka ɗaura a hanci ba ya tare ƙananan ƙwayoyin. Sai takunkumi mai tambarin FFP2 ko N95.

A kasuwa, kayan Ingco da Total na Sin sun fi sauƙin kuɗi, Makita da Bosch sun fi tsada, kuma su aka fi yi wa jabu. Kafin a biya, abin tambaya shi ne ko ana samun burushin motar da bel ko faifan maye a Daura ko Katsina, ko kuwa sai an aika Kano. Mai sayen na hannu kuma ya juya injin ya karanta ɗan farantin da ke jikinsa. Wanda aka yi don kasuwar Amurka bolt 120 aka rubuta masa, wutar Najeriya kuwa 230 ce, kuma jona shi kai tsaye ƙone shi yake yi nan take.