Rim Ya Shiga, Amma Ya Zauna Daidai?

Mutum ya shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, ya ga rim na alminiyon mai ƙyalli, ya ce a gwada masa. Yaron shago ya ƙirga ramukan noti, biyar nan biyar can, ya ɗaura, ya ce, "Alhaji, kamar don motarka aka yi shi." Sai an hau babban titi, gudu ya kai kilomita 90 ko 100, sitiyari ya kama rawa. A kai wajen masu balansin, a biya kuɗi, rawa tana nan.

Sau da yawa ba taya ce da laifi ba. A tsakiyar kowane rim akwai babban rami, a jikin hob ɗin mota kuma akwai ɗan leɓe da ramin yake hawa. Rim ɗin da ya zo da mota daga kamfani, an yanka raminsa daidai da leɓen nan, shi ya sa yake zama a tsakiya cif tun kafin a ɗaure noti. Na kasuwa kuwa, masu ƙera shi so suke ya shiga motoci da yawa, sai su faɗaɗa ramin, galibi zuwa milimita 73.1. Irin wannan, notuna ne kaɗai ke saita shi. Idan mai faci ya ɗaure noti guda tamau ya bar sauran, ko ya sauke jak kafin ya gama, rim ya karkace ke nan, ko da ido bai gani ba.

Ɗauki Camry da Accord. Na zamani dukansu noti biyar ne, tazara ɗaya, milimita 114.3. Amma leɓen Camry 60.1 ne, na Accord 64.1. Rim ɗin Accord zai shiga Camry da ratar milimita 4, na Camry kuwa ba zai zauna a kan Accord ba sam, kuma duk wanda ya matse shi da ƙarfin tsiya ya sayi haɗari da kuɗinsa.

Maganin ratar ba shi da tsada: wani zobe ne na roba mai tauri ko na alminiyon da ake sakawa ya cike gurbin. Ba shi ke ɗaukar nauyin mota ba, matsewar notuna ce ke yin wannan. Aikinsa saiti kawai.

Abin da ya fi damuna shi ne noti, don kusan ba mai dubawa. Yawancin rim na kasuwa noti mai tsinin baki yake so. Na asalin Honda bakinsa a dunƙule yake kamar ƙwallo, na rim ɗin alminiyon na Toyota kuma shimfiɗaɗɗe ne mai washa. Idan aka haɗa wanda bai dace ba, gefe kaɗan zai kama, a hankali ya kwance.

Ka tsaya a kan mai ɗaurin. Taya tana sama, a fara da hannu, a bi notunan a gicciye, kada a bi su a jere. Bayan tafiyar kamar kilomita 80, ka sa sifana ka sake bin su ɗaya bayan ɗaya.