Yadda Huhu Ke Tsirowa, da Abin da Ke Wahalar da Bakwaini

A mako na huɗu da shigar ciki, ɗan tayi bai wuce milimita biyar ba, kuma ba shi da huhu ko kaɗan. Abin da yake da shi wani siririn bututu ne wanda zai zama hanyar abinci. Daga jikin wannan bututu, ta wajen gaba, wani ɗan ƙullutu ke ɓullowa. Shi ne huhun.

Me ya ware wannan wuri daga saura? Ƙwayoyin gadon da ke cikin kowace ƙwayar halitta ta jikin yaron iri ɗaya ne, ta ido da ta hanta duk ɗaya. Bambancin yana ga waɗanda aka kunna, da waɗanda aka kashe, da kuma lokacin. A gaban bututun, ƙwayar gado mai suna Nkx2-1 ce ke farkawa, a bayansa kuwa Sox2 ke rinjaye, wurin ya zama hanyar abinci. Da masana suka cire Nkx2-1 daga ɓeraye, hanyar iska da ta abinci ba su rabu ba, huhun kuma ya tsaya a 'yan jakunkuna marasa amfani.

Rassan huhun su ne abin da ya fi ba ni mamaki. Naman da ke kewaye da ƙullutun yana fitar da sinadarin Fgf10, sai bakin bututun ya miƙa ya nufi inda sinadarin yake. Da isarsa sai ya saki nasa, Shh, wanda ke kashe Fgf10 daidai wurin. Kiran ya koma gefe biyu ke nan, bututun ya bi duka biyun, ya rabu. Haka ake ta yi, kira da hani, har hanyar iskar mutum ta rabu kusan sau 23. Ɓeran da aka hana Fgf10 yakan zo duniya ba huhu, ba gaɓoɓin tafiya. A 2008, Ross Metzger da Mark Krasnow na Jami'ar Stanford suka nuna cewa salon rabuwa uku kacal ake maimaitawa a huhun ɓera.

Gama rassa ba shi ne iya numfashi ba. 'Yan jakunkunan iska a jiƙe suke, kuma sukan manne kamar ledar da ruwa ya shiga. Abin da ke hana su mannewa wani maiƙo ne da huhu ke fara yi wajen mako na 24, ba ya kuwa wadata sai wajen na 34. A 1959 Mary Ellen Avery da Jere Mead suka gano cewa rashinsa ne ke sa bakwaini ya yi ta nishi, ƙirji na lotsawa, har ƙarfinsa ya ƙare.

Sai ga Graham Liggins a Niyu Zilan, yana bincike kan naƙuda a jikin tumaki. Ya lura cewa 'ya'yan da aka ba sinadari dangin kotisol suna numfashi duk da an haife su kafin lokaci. Sinadarin yana shiga ƙwayar halitta ne ya kunna ƙwayoyin gadon da ke nunar da huhu. A 1972, shi da Ross Howie suka tabbatar da haka a kan mata masu ciki.

Nan maganar ta iso gida. A 2020 aka fitar da sakamakon gwajin Hukumar Lafiya ta Duniya a asibitocin Najeriya, Kenya, Indiya, Pakistan da Bangaladesh: allurar deksametazon, mai dangin kotisol, ga matan da haihuwa ta taso musu tsakanin mako na 26 da na 34 ta rage mutuwar jarirai. Sai dai wani gwaji na 2015, inda aka yi ta ba da irin wannan allura ba tare da tabbacin kwanakin ciki ba, ya nuna ƙaruwar mutuwa. Allurar ba ta da tsada. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yawan matan da ke isa asibiti da naƙuda ba a taɓa yi musu hoton ciki ba, likita na tsaye da maganin a hannu, bai san makon da huhun yaron yake ba.